Kafin Ka Sa Motarka a Kwantena

Farashin da ka gani a gwanjon Copart ko IAA na Amurka somin-taɓi ne. Akwai ladan gwanjo, da kuɗin jan motar zuwa bakin teku, da na jirgi, da fiton kwastam, da ladan ejan, sannan tirelar da za ta kawo ta Kano ko Kaduna daga Legas. Kwastam kuma da farashin dala na ranar da aka yanka maka fito suke lissafi. Naira na iya faɗuwa motarka tana tsakiyar ruwa, don haka ka ware rara.

Kwantena mai ƙafa 40 takan ɗauki motoci uku zuwa huɗu, shi ya sa ake haɗaka. A nan matsalar take. Idan takardar mutum ɗaya ta sami tangarɗa, ko an ɓoye haramtaccen kaya a but ɗin motar wani, gaba ɗaya za a riƙe ku a Apapa ko Tin Can, kuɗin jinkiri yana hawa kullum, ba ruwan kamfanin jirgi da wanda ya jawo. Ka san da wa aka haɗa ka. Sannan don a sami wuri, wasu masu lodi kan ɗaga mota a kan katako, su ɗaure ta saman wata. Igiya ɗaya ta saki, rufin ta ƙasa ya lotse. Ka nemi hoton lodi kafin a rufe ƙofa, da lambar kwantena da ta hatimin da aka buga mata.

In motar tana tashi kuma ita kaɗai ce, ni dai na fi son jirgin RoRo, wanda ake tuƙa mota a shiga da ita. Yakan fi araha, sai dai kada ka bar ko tabarau a ciki.

Inshora dole ce. Abin da kamfanin jirgi zai biya in an yi asara bai taka kara ya karya ba. Ka binciki lambar shasi, domin motocin da ambaliya ta cinye suna cika gwanjo, kuma wayarin da ya sha ruwa ba ya daina ciwo.

Mai cewa a sauke a Kwatano a shigo ta ƙasa, ka tuna masa tun Janairun 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu. Kada ka cika wa ejan kuɗi sai ka ga takardar fito ta ainihi, da lambar shasin motarka a jiki.