Dalilan Juyawar Almajiri: Yahuza Iskariyoti da Abdussalami na Gimbana

A nazarin zube, dalilin aiki ya fi aikin kansa wuyar ganowa, musamman idan almajiri ne ya juya wa tafiyar malaminsa baya.

A littattafan Kirista, Yahuza Iskariyoti yana cikin almajirai 12 na Yesu, kuma shi ya bashe shi ga manyan firistoci. Sai dai marubutan ba su haɗu a kan dalili ɗaya ba. Matiyu ya ambaci azurfa 30. Luka ya ce Shaiɗan ne ya shige shi, Yohanna kuwa ya ƙara da cewa ɓarawo ne mai taɓa jakar kuɗin jama'a. Wasu manazarta sun ga kuɗin bai kai a sayar da malami dominsa ba, sai suka duba zamanin. Tun shekara ta 63 kafin Miladiyya Urushalima ke hannun Romawa, Yahudawa da dama kuwa na jiran Almasihu daga zuriyar Dawuda, wanda zai kori baƙi ya maido da sarauta. A wannan ra'ayi, Yahuza ya yi tsammanin sarki mai takobi, ya ga ba haka ba. Hasashe ne mai ma'ana, amma matanin bai faɗe shi ba.

Ƙasar Kabi tana da misali makusanci, ko da yake wannan tawaye ne a fili, ba cin amana a ɓoye ba. Abdussalami, Ba'are, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne da ya zauna a Gimbana. Harin da Gobirawa suka kai wa jama'arsa na cikin abubuwan da suka jawo hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804. Amma da Shehu ya rasu a 1817, sai ya yi wa Muhammadu Bello tawaye daga Kware. Kokensa shi ne an raba ƙasa, rabonsa bai kai wahalarsa ba. An ci Kware da yaƙi, ya rasu a Bakura a farkon 1818.

Abin lura shi ne wanda ya riƙe alƙalami. Wasiƙun Abdussalami sun iso ga masu karatu ta cikin Sardul Kalami, littafin Bello, wato abokin hamayyarsa. Duk da haka an ji kokensa. Yahuza bai bar ko layi ɗaya ba.

Aiki: Ɗalibi ya ware abin da matani ya faɗa game da Yahuza daga abin da manazarta suka ɗora masa.