Shawara Ga Mai Son Labaran Jarumai

Matashin Giyawa da ya kalli fim ɗin Wakanda Forever na 2022, wato ci gaban Black Panther na 2018, ya ji bai gamsu ba, kada ya yi saurin zargin masu shirin, domin Chadwick Boseman, wanda ya fito a matsayin Sarki T'Challa, ya rasu a 2020, kafin a yi wannan fim ɗin. Abin da ya fi masa shi ne, idan ya shiga Sakkwato, ya nemi littafin Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, wanda aka fara bugawa a 1934, labarin jarumin da ya yaƙi Turawa kuma ya ratsa duniyar aljanu. Kafin ya biya kuɗi, ya duba shafukan ɗaya bayan ɗaya, domin bugun sata, wato wanda aka kwafa ba da izini ba, yakan zo da rubutu dusasshe.