Amsar Tambaya: Karen Bature a Zafin Garwa

Tambaya: Wani Bafaranshe da zai bar Garwa ya ba ni babban karensa, irin poodle. Karen ya ƙi abinci, in dare ya yi sai kuka.

Amsa: Malam, kewar ubangidansa ke damunsa, ba taurin kai ba. Ware masa inuwa a tsakar gida da ruwa, yara su ƙyale shi na mako biyu. Kar ka tura masa tuwo farat ɗaya, fara da abin da ya saba. Gashin nan nasa murɗaɗɗe ba ya zuba sosai, sai an aske shi kafin zafin Maris, a duba kaska cikin kunnuwa. In babu takardar rigakafin haukan kare, nemi likitan dabbobi na ma'aikatar kiwo, wato MINEPIA. Yawo kuwa da asuba, kwalta na ƙona masa tafi da rana.