Matakan Neman Lokacin Aiki a Gagarumar Kwamfuta

Gagaruman kwamfutoci irin su Frontier da ke Oak Ridge a jihar Tennessee, da Aurora da ke Argonne kusa da Chicago, mallakar Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ne. Mai binciken da zai wallafa sakamakonsa ga kowa ba ya biyan ko sisi, amma sai ya nemi lokaci a rubuce. Kaso mafi tsoka ana raba shi ne ta shirin INCITE, wanda ƙofarsa a buɗe take ga masu bincike daga ko'ina, har da na Zariya da Yamai.

1. Ka fara tabbatar da cewa aikinka ya fi ƙarfin kwamfutocin jami'arku. Idan na'urar ofishinka za ta gama shi cikin mako guda, kada ka ɓata wa kwamiti lokaci.

2. Ka koyi aiki da Linux da kuma manhajar jera ayyuka a layi irin su Slurm. A can babu linzami, umarni kake rubutawa, ka jefa aikinka cikin layi, ya jira har a kai kansa. Ka san ma'aunin da ake rabo da shi. Injin dubban ƙananan kwamfutoci ne aka haɗa, ana kiran kowace ɗaya nod. Riƙe nod ɗaya na awa guda shi ne awar nod ɗaya.

3. Ka nemi ɗan kason gwaji tukuna. Cibiyoyin biyu suna da wani kaso da darakta ke bayarwa, ana karɓar buƙata a kowane lokaci na shekara, fom ɗin kuma gajere ne. Kada ka tsallake wannan. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, amma sai an hura wutar.

4. Ka gwada ko manhajarka na iya faɗaɗa. Nan ne masu nema kan faɗi, don haka ka natsu. Ka ɗauki matsala guda, ka gudanar da ita a nod 8, sannan 16, sannan 32, sannan 64, kana rubuta mintunan da kowane zagaye ya ci. Duk lokacin da ka ninka nod, ya kamata lokacin ya ragu da kusan rabi. Idan daga 32 zuwa 64 bai ragu da abin a zo a gani ba, to nod ɗin sun koma aika wa juna saƙo maimakon lissafi. Ka tsaya ka gyara. Ka lura kuma cewa ƙarfin Frontier, wadda ta fara haye lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa a 2022, yana cikin GPU ne, wato na'urorin sarrafa hoto masu saurin lissafi. Manhajar da ba ta iya amfani da GPU ba za ta bar mafi yawan injin a zaune. Ka zana sakamakon a jadawali, domin shi alƙalai za su fara dubawa.

5. Ka yi lissafi a fili. Misali, nod 100 na awa 6 ya zama 600. Idan sau 50 za ka maimaita, 30,000 ke nan. Ka ƙara ɗan rara saboda ayyukan da za su lalace, ka faɗi dalilin rarar. Ka ambaci yawan wurin ajiyar bayanai da kake buƙata.

6. Ka rubuta takardar nema. INCITE kan buɗe kira wajen Afrilu, ya rufe a Yuni. Kwamiti biyu ne: ɗaya na duba darajar binciken, ɗayan na duba ko manhajar ta shirya. Ka gamsar da kowanne. Ka miƙa da sauran kwanaki, musamman idan intanet ɗinku na yawan yankewa.

7. Sakamako kan fito wajen Nuwamba, aiki ya fara a Janairu. Da zarar an amince, kowane ɗan tawaga ya nemi asusunsa nan take. Tantance ɗan wata ƙasa kan ɗauki makonni.

8. Ka rarraba awanninka a tsawon shekara, kada ka tara su sai Disamba lokacin da layi ke cika. Ka sa manhajar ta riƙa adana inda ta kai, domin Slurm na kashe aiki da zarar wa'adin da ka nema ya cika, ko da saura minti ɗaya ya kammala. Ka kwashe sakamakonka daga wurin ajiya na wucin gadi, ana share fayilolin da suka daɗe ba a taɓa ba. Ka aika rahoto a kan kari, ka kuma ambaci cibiyar a duk takardar da ka wallafa.