Yarinyar Da Na Ɗauka Raggwa Ce

Sa'ad da aka aike ni koyon aikin koyarwa a wani ƙauye cikin duwatsu, na iske wata yarinya a aji biyar wadda kullum gyangyaɗi take yi. Ko da zafin rana tana ƙudundune cikin zane, wai sanyi take ji. Sau biyu na sa ta durƙusa domin ragwanci. Har yau ina jin kunyar wannan, gama da aka kai ta asibiti sai likita ya ce tayirod ɗinta ne ya gaza.

To, 'yan'uwana ɗalibai, mene ne tayirod? Wata 'yar tsoka ce a gaban wuya, mai siffar malam-buɗe-littafi. Ita ke zuba wani sinadari cikin jini wanda ke sa jiki kuzari da ɗumi. Ba ta iya aikinta sai da aidin. In ta rasa shi takan kumbura, watau maƙoƙo ke nan. Shi ya sa tun 1993 aka wajabta sa aidin cikin gishiri a Nijeriya. Rogon da ba a jiƙa shi sosai ba kuma yana ƙara tsananta abin. Wani lokaci kuwa jiki ne da kansa ke yaƙar tayirod, cutar da likita Hashimoto na Japan ya bayyana a 1912.

A bayan tayirod akwai waɗansu 'yan ƙwayoyi huɗu, kowace kamar tsabar shinkafa, masu daidaita kalsiyam cikin jini. Kalsiyam ne ke ƙarfafa ƙashi, amma hanji ba ya tsotsarsa da kyau sai da bitamin D, wanda fata ke yi in rana ta taɓa ta. Masu cutar Hashimoto sau da yawa akan iske bitamin D ɗinsu ya yi ƙasa. Amma fa shan bitamin ba ya maye gurbin maganin tayirod. Mu kuwa rana ba ta yi mana rowa ba: binciken da aka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna ƙarancin kalsiyam ne ya fi lanƙwasa ƙafafun yaranmu. Nono, da miyar kuka, da ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu, duk suna da shi.

Abin da ya kusa ɓata mana aiki shi ne, uwar yarinyar tana ba ta maganin tayirod tare da ƙwayar ƙarin jini. Ashe ƙarfe da kalsiyam suna hana maganin shiga jini. Likita ya ce ta sha shi da ruwa kaɗai da sassafe, kafin kunu da rabin sa'a, sauran ƙwayoyin kuwa sai bayan sa'a huɗu. Kafin in bar ƙauyen ta fara ɗaga hannu a darasin lissafi.