Koyon Busa a Ƙasar Kura da Bunkure: Daga Karan Dawa Zuwa Algaita

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba inda wannan magana ta fi tabbata kamar a fagen busa, domin da wuya a sami gwanin da bai soma tun yana yaro ba. Wannan maƙala za ta duba matakan da yaro Bahaushe yake bi kafin ya zama mabushi, ta kwatanta su da na ɗalibin ogan, wato babban abin busa na Turawa, sannan ta nuna yadda noman rani a ƙasar Kura da Bunkure ya shafi wannan koyo.

Matakin farko: kara

Makarantar farko ta mabushi ita ce gona bayan girbi. Idan kaka ta yi, aka yanke dawa, yara sukan zaɓi kara mai ƙwari, su cire totuwar da ke cikinsa, su tsaga ɗan siririn harshe kusa da gefe guda. Wannan shi ne tilliboro. Idan yaro ya sa harshen a baki ya hura, sai ya kaɗa ya ba da amo, kuma da rufewa da buɗe bakin karan da hannu ake sauya amon. Sarewa kuwa ba ta da harshe. Iska ce take bugun gefen bakinta, yatsu kuma su yi aiki a kan ƙofofinta. Ba malami a wannan mataki, sai kwaikwayon na gaba. Amma a nan ne yaro yake gane abubuwa biyu da za su bi shi har tsufa: cewa dogon kara ya fi gajere kaurin murya, da kuma cewa yawan iska ba shi ne daɗin busa ba.

Mataki na biyu: gidan gado

Algaita da kakaki ba kayan wasa ba ne, kayan fada ne. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) aka soma busa kakaki a Kano, kuma har yau na manyan sarakuna ne. Algaita ita ce take sauka har ƙofar hakimai, tare da ganguna. Galibi sana'ar gado ce, don haka ɗa yakan soma ne da ɗaukar kayan ubansa da binsa wurin hawan salla da naɗin sarauta, yana saurare tun kafin a ba shi ya taɓa.

Idan aka ba shi, abu uku ne a gabansa. Na farko shi ne riƙon baki: harshen algaita biyu ne, a cikin baki ake sa shi gaba ɗaya, leɓɓa kuma su jingina da ɗan faifan da ke bayansa. Na biyu, wanda ya fi wuya, shi ne numfashi mara yankewa. Mabushi yakan tara iska a kumatu, ya riƙa matso ta da naman kumatun a daidai lokacin da yake shaƙar wata ta hanci, ta yadda amo ba zai tsaya ba. Wannan ne dalilin kumburin kumatun mai algaita. Mabusa a ƙasashe da dama sukan koyi wannan dabara ta hanyar hura siririn kara cikin ƙwaryar ruwa, har sai kumfa ta daina yankewa.

Na uku shi ne wanda ya fi shafar ɗalibin harshe. Hausa harshe ne mai karin sauti, sama da ƙasa da faɗau, kuma algaita tana bin wannan kari da tsawon gaɓoɓi ne, har mai sauraro ya ji take da kirari ba tare da an furta kalma ba. Saboda haka wanda ya iya yatsu amma bai haddace taken kowace sarauta ba, bai zama mabushi ba tukuna. Busa wa basarake taken da ba nasa ba babban abin kunya ne a fada.

Kwatanci da ogan

An ƙirƙiro ogan a birnin Iskandariya na Masar a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, a hannun wani masani mai suna Ktesibiyus. Asalinsa bututu ne masu yawa, daga ɗaruruwa zuwa dubbai, kowanne da amonsa guda. Iri biyu ne: masu aiki kamar sarewa, da masu harshe kamar tilliboro. Maimakon huhun mutum, zugazugi irin na maƙera ne yake ba su iska, kuma kafin zuwan lantarki sai an sami mai zuga. Ke nan abin da mai algaita yake yi da kumatunsa, shi ne ogan yake yi da zugazugi. Wahalar ɗalibin ogan ta koma ga gaɓoɓi: hannu biyu suna danna jerin maɓallai, sau da yawa 61 a kowane jeri, ƙafa biyu kuma suna taka wasu 30 ko 32, ido yana karanta layi uku na rubutun kiɗa a lokaci guda.

Duk da wannan bambanci, hanyar koyon ta yi kama. Johann Sebastian Bach (1685-1750) na Jamus ɗan gidan makaɗa ne, kuma da ya zama maraya yana ɗan shekara 9, a gidan wansa mai kaɗa ogan ya ci gaba da koyo. A Nijeriya, Fela Sowande (1905-1987) ya tashi yana yaro cikin mawaƙan babbar majami'ar Legas a hannun T.K.E. Phillips. Ayo Bankole (1935-1976) kuwa a Jos aka haife shi, inda ubansa yake kaɗa ogan a majami'a, kafin ya tafi Ingila ƙaro ilimi a 1957. Dukkansu sun soma da saurare a gaban na gaba. Babban bambancin shi ne, abin da Bach ya tsara yana nan a rubuce, alhali taken algaita a kan mutum yake zaune. Idan ya mutu bai koyar ba, ya tafi da shi.

Noman rani da lokacin koyo

A nan ne batun Kura da Bunkure ya shigo. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka jawo ruwanta ta manyan hanyoyi zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, a wani shiri da aka tsara wa kimanin hekta 22,000. Alherin wannan aiki ba ya musuntuwa: shinkafa da alkama da tumatir sun kawo kuɗi, sun kuma rage tafiya cin rani. Sai dai ya taɓa koyon busa ta fuska biyu. Ta farko, a gonakin da ruwa ya kai, shinkafa ta maye gurbin dawa da gero, kuma karan shinkafa ba ya yin tilliboro. Sai an fita tudu ake samun karan dawa. Ta biyu, kaka da rani, waɗanda a da su ne lokacin hutu da bukukuwa, sun zama lokacin shuka alkama da ban ruwa da tsinkar tumatir. Yaron da zai wuni yana bin ubansa da algaita, yanzu yana da inda zai yi ƙwadago ya sami kuɗi a ranar. Idan aka haɗa da makaranta, da kiɗan na'ura da ya cika gidajen biki, za a ga dalilin da ɗan gado zai yi tunani sau biyu kafin ya ba sana'ar shekarun da take bukata.

Kammalawa

Ba wanda zai ce a toshe ruwan Tiga don a sami karan busa. Amma tun da rubutu ne ya tsare wa ogan gadonsa, aikin da ke kan sassan Hausa na jami'o'i a fili yake. Ya kamata ɗalibai, musamman 'yan wannan yanki, su je ga mabusan fadar hakimai, su ɗauki kowane take a na'ura, su rubuta kalmominsa da karin sautinsu, su nuna sarautar da ake busa wa shi, su kuma tambayi mabushin sunan kowane sashe na algaitarsa da wanda ya koya masa. Irin wannan aiki zai amfani mai nazarin sauti da mai nazarin tarihi gaba ɗaya, kuma sai da mabusan a raye yake yiwuwa.