SAUKE INJIN MOTA A GIDA: ABIN DA YA KAMATA A SANI

A ran 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya malale unguwanni da yawa na Maiduguri, ya shanye motoci masu yawa. Injin da ruwa da laka suka shiga ba a tayar da shi. Sau da yawa sai an sauke shi an duba cikinsa. Waɗansu masu mota sukan so su yi wannan aiki a gida don rage kuɗin gyara. Wannan bayani ya shafi motocin da injinsu ba a gaba yake ba, gama aikinsu dabam ne, haɗarinsa kuma ya fi yawa.

INDA INJIN YAKE

Galibin motoci injinsu a gaba yake, akan ɗago shi sama da sarƙa. Amma Volkswagen Beetle, wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975, nata a baya yake. Motocin gudu kuwa, irin su Porsche 914 ta Jamus, wadda aka ƙera daga 1969 zuwa 1976, da Toyota MR2 ta Japan, wadda ta fito a 1984, nasu a tsakiya yake, wato bayan kujerar direba, gaban ƙafafun baya. A cikin waɗannan motoci, giya da abin da ke raba ƙarfi ga ƙafafun baya suna cikin akwati guda, liƙe da injin. Ta ƙasa ake fitar da su: a ɗaga motar, a sauke injin. To, a nan haɗarin yake, domin dole mutum ya shiga ƙarƙashin mota.

WURIN AIKI

Ƙasar Maiduguri rairayi ce, jak kuwa yakan nutse a rairayi ko ya karkace ba zato. Saboda haka sai a nemi daɓen siminti mai baje. In babu, a shimfiɗa katako mai kauri da faɗi. Jak don ɗagawa aka yi shi, ba don riƙewa ba. Da an ɗaga motar sai a ɗora ta bisa ƙafafun ƙarfe da aka ƙera don haka, a tokare tayoyin gaba, a girgiza ta a tabbata ta zauna daram. Kada a dogara da bulo, gama yakan farfashe farat ɗaya.

MATAKAN AIKI

1. A cire wayar batir, a fara da ta ɓangaren da ke da alamar ragewa.
2. A tsiyaye baƙin mai cikin mazubi. In motar mai lagireto ce, a tsiyaye ruwan.
3. A cire tiyon fetur a toshe shi. Kada a yarda da taba, ko fitilar kananzir, ko murhu kusa da wurin.
4. A kwance wayoyin lantarki, da na totur, da na kuloci, da sandar giya. Kowace waya a ɗaura mata alama, a kuma ɗauki hoto kafin a taɓa ta.
5. A kwance sandunan da ke kai ƙarfi ga ƙafafun baya daga jikin akwatin giya, a ɗaure su sama.
6. A sa babban jak mai taya ƙarƙashin injin, da katako a tsakani. Sai nauyin ya hau kan jak sa'an nan a kwance notocin da ke riƙe da injin.
7. A sauke sannu a hankali. In an ji ya cije, a tsaya a duba: akwai abin da ba a kwance ba.

A Porsche 914 injin da akwatin giya tare suke saukowa. A Beetle ana iya barin akwatin giya a jikin motar, a kwance notoci huɗu, a ja injin baya, sa'an nan a sauke shi.

ABIN LURA

Injin Beetle kaɗai ya haura kilo 100, balle a haɗa da akwatin giya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: lalle a sami mutum biyu ko uku, ɗaya a kan jak, sauran suna lura. A hana yara zuwa wurin. Lokacin hunturu a toshe kowace kafa ta injin da tsumma mai tsabta saboda ƙura. Tsohon baƙin mai kuma kada a zubar da shi a kwata ko a kogin Ngadda, domin yana ɓata ruwan da mutane da dabbobi ke amfani da shi.

Wanda ba shi da ƙafafun ƙarfe, ko babban jak, ko mataimaki, gara ya kai motarsa wurin ƙwararren makaniki. Kuɗin gyara ana iya nemowa, amma rai ba shi da madadi.